Dunduniyar Attie a Kan Rufin Katryn

Yayana Attie Plaatjies sau ɗaya ya taɓa nuna kifi da yatsa a rayuwarsa. Yana shekara goma sha uku, ranar da ya fara bin Baba teku kamun kifin snuk, ya hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ya miƙe tsaye yana nuni yana ihu. Kafin su jefa ƙugiya jirage bakwai sun kewaye su, kowa ya zo cin arziki. Baba bai ce uffan ba a teku. Sai da suka dawo gida ya kama yatsan nan, ya ce in ya ƙara ganinsa a sama, da shi zai ɗana ƙugiya washegari. Daga ranar Attie ya koyi abin da duk mai duba kifi a jiragen ruwan garinmu Gansbaai ya iya: ka zauna a sama, hannuwa a kan cinya, fuska kamar ta mai sauraron wa'azin Lahadi, in ka hango abu ka buga dunduniya a katako. Mai tuƙi a ƙasa zai ji, mutanen sauran jirage kuwa ko sun zuba maka ido ba za su karanta komai ba.

Ni ce Mieta, autar gidanmu, shi ne babba, shekara goma sha ɗaya ne tsakaninmu. Boeta nake ce masa, wato Yaya, mutanen tashar jirage kuma Oom Attie, wato Kawu Attie. Na daɗe ina aiki a jiragen da ke fita da baƙi daga Kleinbaai, kuma kada wani ya ɗauka babban matsayi ne. Ni ke raba rigunan ruwa, ni ke raba alewar citta, ni ke bin mutum da bokiti idan cikinsa ya juya. Na ga aman Jamusawa, na ga na 'yan Japan, na ga na ango da amarya a bokiti ɗaya. Saboda haka in na ce na san abin da ke faruwa a jirgi a yarda da ni, don mai bokiti ba teku take kallo ba, mutane take kallo.

Da snuk ya yi ƙaranci, Boeta ya koma jiragen kallon kifin shak, masu saka baƙi a keji a nutsa su cikin ruwa su ga abin da zai iya cinye su. Aikinsa haɗa romon da ke kiran shak. Kawunan kifi, hanji, mai da ruwan teku, a dama a duro, a riƙa ɗiba da moɗa ana zubawa a bayan jirgi. Miyar Attie ake ce mata. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, matarsa Dollie ba ta taɓa barinsa ya shiga ɗaki da kayan jikinsa ba. A tsakar gida yake tuɓewa, ko ana ruwa ko ana sanyi, kyanwoyin unguwa suna jere a kan katanga suna jira.

A nan ya haɗu da Tant Koba, wato Gwaggo Koba. Asalin mai sunan ƙanwar babanmu ce, mace mai zuwa biki a makare ta ture kowa daga bakin tukunya. Wata shak ce ta zo da irin wannan hali, ƙatuwa, ta kusa mita biyar, da tsaga a fiffikenta na baya kamar an ɓalle bakin faranti. Sai ƙanana sun taru suna wasa da igiyar da aka ɗaura wa kan kifi, ta taso daga ƙasa a hankali, kowa ya watse. Boeta ya ce, "Ga Tant Koba nan ta iso, a ɓoye nama." Suna ya bi ta. Hunturu goma sha ɗaya tana dawowa, kullum yana gaishe ta, yana yi mata ban gajiya, yana yi mata faɗa in ta rame. Na sha ce masa da Dollie ta samu rabin wannan hira da ba ta koyi yi wa rediyo magana ba.

Sai shekarar da orka suka shigo mana. A da sai dai mu ji labarinsu a bakin masu fita nesa, manyan dabbobin teku baƙaƙe masu fari a ciki da farin tabo bayan ido, masu farauta a ƙungiya. Wata safiya aka wayi gari da gawar shak a bakin ruwan Franskraal. Na bi Boeta muka je. Ita ce, ga tsagar nan a fiffike. An ɓarke ta a ƙirji, an zare hanta, ba a taɓa komai ba bayan wannan. Masu bincike suna ta aune-aune da ɗaukar hoto, suna cewa aikin orka ne. Boeta ya tsaya a kanta, ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya manta wani abu, ya mayar. Haka Baba yake yi idan motar gawa ta wuce.

A hanyar dawowa magana ɗaya ya yi. "Hanta kawai, Mieta. Ko ɓarawo in ya yanka maka tunkiya da naman yake tafiya."

Shak suka watse daga ruwanmu. Wata da watanni keji yana shiga yana fitowa ba a ga ko inuwa ba. Jirgin da Boeta yake ya rage ma'aikata, kuma da mai miya aka fara. Wata takwas yana gida yana gyaran abin da bai lalace ba, har Dollie ta zo wurina ta ce in ban samar masa aiki ba, ita ce za ta shiga teku ba rigar ruwa.

Wikus ne ya ɗauke shi. Wikus shi ne kyaftin ɗin Katryn, jirgin da nake aiki, mai fita da baƙi kallon walfis, manyan dabbobin tekun nan da suka fi giwa, masu zuwa haihuwa a gaɓarmu, da dolfin, da duk abin da Allah ya kawo. A jirgin baban Wikus Boeta ya yi shekarunsa na ƙarshe na snuk, shi ya koya wa Wikus ɗaurin ƙugiya da karanta iska. Har gida Wikus ya zo, ya zauna a kicin ɗin Dollie ya sha kofi.

"Oom Attie, ina da inji biyu sababbi, ina da na'urar da ke nuna mini ƙasan teku, amma ba ni da ido. Zo ka hau mini rufi."

"Mai kamfani ya sani? Na ji masu takarda yake so."

"Mai kamfani yana ofis, ni nake teku. Na ce masa in ba kai, ya nemi wani direba."

A kan teburin nan suka tsara bugun, da cokalin shayi. Ɗaya walfis, biyu dolfin. In ya buga a ɓangaren dama na rufi a juya dama, in a hagu a juya hagu. Ƙafa biyu a jere ba ƙaƙƙautawa, a kashe gudu nan take. Wikus ya ce, "Uku kuma na orka. Yanzu su baƙi ke tambaya tun kafin su sauka daga mota." Boeta ya ce, "To." Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga bai buga ukun nan da cokali ba kamar yadda ya buga sauran, amma ban sa abin a raina ba.

Shekarar farko Katryn ta zama abin kwatance. Sai a ji dum a rufi, Wikus ya juya ba tambaya, a yi minti goma ana gudu baƙi suna kallon ruwa fayau suna tunanin an cuce su, sannan walfis ya taso a gabansu ya fesar da numfashi. Har ta kai Wikus ya daina wahalar da wuyansa, da kunne yake tuƙi. In rufi ya buga akwai abu, in rufi ya yi shiru teku babu komai, ya danna wuta ya wuce. Ban taɓa ganin ya yi gardama da shirun nan ba.

Amma bugu uku bai taɓa zuwa ba. Orka ba kullum suke shigowa ba, wata shekara sau biyar, wata sau shida, kuma kowane jirgi a tashar ya samu rabonsa, har da wani mai inji ɗaya da ke tari kamar tsohon mashayi. Katryn kaɗai ce ta shekara uku ba ta gan su ba. Sauran kyaftin suka samu abin yi a rediyon jirage.

"Wikus, yau ma makafi sun fito shan iska?"

"Ka saya wa tsohon nan sanda mana, ko kare mai ja-gora."

Wikus yakan ce, "Ku bari sai ranar da kuka ga walfis ba tare da kun bi bayana ba, sannan ku yi magana." Amma ina ganin yadda bayan wuyansa ke yin ja.

A shekara ta biyu na gane. Ina gindin tsani ina ɗauraye bokiti, na ɗaga kai, sai na ga Boeta ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar. Na duba teku ban ga komai ba, ni dama idona bai wuce tsawon jirgi ba. Da la'asar wani jirgi ya ba da labarin orka daidai inda muka wuce. Na ce ƙila dace ne. Da abin ya faru karo na uku, na same shi a tsakar gidansa yana kankare kifi.

"Boeta, wa ya mutu yau a teku?"

"Wace irin gaisuwa ce wannan?"

"Hular. Na ga ka leƙa ta."

Bai ɗago ba. "Ke da aka ɗauka don bokiti, me ya kai idonki rufi?"

"Ka gan su ko ba ka gan su ba?"

"Na gan su. Biyar, har da namijin nan mai fiffike kamar ƙyauren coci." Ya watsa wa kyanwa hanji. "Ba zan kai mutane su tafa musu ba, Mieta. Masu son tafi su hau jirgin wani."

"Wikus fa? Shi ya ɗauko ka daga kicin lokacin da ba mai kallonka."

"Ina ba shi walfis, ina ba shi dolfin. Ya taɓa komawa hannu rabbana?"

Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce masa wannan cin amana ne, kuma kifi bai san ana fushi da shi ba, ya yi ta gaba da dabba har ya mutu ita ko a jikinta. Na faɗi duk abin da ke bakina, amma ban gaya wa Wikus ba. Yayana ne, kuma ina tsoron a sake mayar da shi gida ya ci gaba da kwance ƙofofin Dollie yana ɗaurawa. Daga nan duk ranar da na ga hular ta bar kansa sai in sunkuya in sami abin gogewa.

Mai kamfani ya fara matsa wa Wikus ya sauke tsoho, tunda kowa ya ce ido ya tafi. Wikus ya ƙi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki Boeta a motarsa wata Litinin da ba fita, ya kai shi wurin likitan ido a Hermanus. Suka dawo da tabarau mai igiya. Wikus ya same ni a rumfar da muke wanke rigunan ruwa, fuskarsa a sake.

"Kin gani, Mieta? Ba laifinsa ba ne, tsufa ne. Na gaya wa mai kamfani ko Oom ya makance gaba ɗaya yana nan a rufina, sai dai in sa wani ya zauna kusa da shi."

Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da yamma na je na tsare Boeta, ya ce, "Har sunan waɗanda suka buga allon gwajin idon na karanta, can ƙasa a kusurwa. Sai na ce wa likita layi na huɗu ya dushe." Bai yi dariya ba da ya faɗa, ni ma ban yi ba. Tabaran jiri suke sa shi. Yakan saka su a tasha kowa ya gani, da mun wuce bakin duwatsu ya sauke su a ƙirji.

Ranar da abin ya ƙare wata Alhamis ce a watan Oktoba. Mun fita da baƙi ashirin da biyu, mun ga walfis uku, mun zagaya tsibiri sun sha warin karnukan ruwa. Wajen ƙarfe huɗu iskar kudu ta fara tashi, Wikus ya juya gida ya sakar wa injuna wuta. Rana tana gabanmu tsaf, ruwa yana ƙyalli kamar kwanon rufi sabo, ko kan jirgin da ƙyar ake gani. Ina gindin tsani riƙe da goshin wata mata 'yar Holan da ta riga ta cika bokiti ɗaya.

Na ɗaga kai na ga hular ta bar kansa. Na sunkuya kamar yadda na saba. Amma da na sake dubawa hular ba ta koma ba, tana hannunsa, ya matse ta. Kuma gaba yake kallo, wuyansa a miƙe, shi da bai taɓa bari a gane inda idonsa yake ba. Na ƙirga numfashina ɗaya, biyu, uku. Sai rufi ya ɗauka kamar ana sakin ƙanƙara a kai, ƙafa biyu, ba tsayawa.

Wikus bai tambaya ba, ya ja hannun injuna baya gaba ɗaya. Kowa ya tafi gaba. Wani dogo ya zauna a cinyar matar da ba tasa ba, kofi ya kife, bokitina ma ya kife, a kan ƙafata. Wikus ya leƙo yana ihu, "Mene ne, Oom? Igiya ce? Gungume?" Jirgi ya ci gaba da sulalewa da sauran gudunsa har ya tsaya yana rawa.

Sai muka ji numfashi. Daidai gaban jirgi, kusan a miƙa hannu a taɓa, jaririn orka ya taso, bai fi tsawon mutum ɗaya da rabi ba, farin jikinsa bai gama fari ba, rawaya-rawaya ne. Uwar ta taso a gefensa, ta sa kai ta tura shi. Da mun ƙara daƙiƙa biyar a gudun nan, farfela biyu ne za su bi ta kansa. Wikus ya kalli wurin, ya kalli hannunsa, ya kashe injuna duka.

Shida ne. Sun kusa rabin sa'a suna kewaya mu. Ba abin da ake ji sai ruwa yana marin cikin jirgi da numfashinsu, fuu, can kuma fuu, da wari irin na kasuwar kifi da rana. Namijin ya wuce ta hagu, fiffikensa ya fi Wikus tsawo, yana yanka ruwa ba gaggawa. Wata ta bi ta ƙarƙashinmu, ta juya a gefe ɗaya ta dube mu, na ga idonta, ita ma na tabbata ta ga nawa. Jaririn bai iya numfashi da kyau ba tukuna, sai ya fito da kai gaba ɗaya ya faɗa tim, uwar tana biye. Baƙi da farko sun manta da na'urorin hotonsu. Matar nan 'yar Holan ta miƙe da ƙafarta, ta kama ƙarfe tana kuka, amai ya tafi inda ya fito. Ni kuwa gaskiya sun yi mini kyau, kuma na ji haushin da suka yi mini kyau.

Wikus ya ɗauki rediyo cike da murna. "Makafi suna gaishe ku. Shida, har da jariri. Wanda ke da ido ya zo ya gani."

Na leƙa rufi. Boeta yana zaune, hannuwa a cinya, hula a gwiwa. Bai juya musu baya ba, yana kallonsu har suka nutse suka nufi kudu.

A tasha tarakta ta jawo Katryn kan tudu. Baƙi suka yi layi suna gaisawa da Oom Attie, wani yana cewa shekara tara yana yawon duniya don wannan rana. Da suka watse muka rage mu uku. Wikus yana wanke jirgi da tiyo yana fito, yana ba da labarin abin da muka gani tare kamar ba ma wurin. A hankali fiton ya ragu. Ya tsaya yana kallon ƙirjin Boeta, inda tabarau ke lilo a igiya.

"Oom, a ido suke ɗazu ko a nan?"

"A nan."

"Rana tana fuskata, ko kan jirgina ba na gani. Kai daga ina ka hango jariri?"

"Tun muna daura da ciyawar ruwan nan."

Wikus ya san nisan nan, ni ma na sani. Mai layi na huɗu a dushe ba ya hango walfis daga can, balle abin da bai kai kwalekwale ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya rufe famfo, ya naɗe tiyo a hannu a hankali.

"Sau nawa, Oom?"

"Goma sha huɗu, ban da yau."

"Ke fa, Mieta? Kin sani?"

Na ce, "Tara na lura."

Ya jinjina kai. "A motata na kai ka Hermanus. Na zauna a benci ina yi maka addu'a kamar ubana ne a ciki."

"Ka yi. Na kuma ji kunya, har yau ina ji."

"Duk saboda shak ɗaya?"

"Saboda Tant Koba."

"To yau fa? Me ya canja?"

"Ba abin da ya canja. Ban buga uku ba, tsaya na buga. Fushi nake da su, ban ce ina son jininsu a farfelarka ba. Jariri bai ci hantar kowa ba."

Na ɗauka Wikus zai yi ihu, don yana da zuciya, na taɓa ganin ya jefa rediyo a ruwa. Bai yi ba. Ya zauna a kan tayar tarakta, ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Oom, da bugunka kaɗai nake tuƙi, da sai in ce ya wuce. Amma da shirunka nake tuƙi. In ka yi shiru nakan ce gabana babu komai, in danna wuta da mutum ashirin a bayana. Yau ma sai da ka yi shawara kafin ka buga, ko ba haka ba?"

Boeta ya ce, "Haka ne."

"To gobe in ka yi shiru me zan ce? Makaho zan iya zama da shi a rufi, na san abin da ba ya gani. Kai ban sani ba."

Boeta ya cire tabaran daga wuya, ya naɗe igiyar, ya ajiye a gefen jirgi. Ya ce, "Gaskiyarka, Kyaftin." A teku kaɗai yake kiransa haka, a tudu Wikus yake ce masa tun yana yaro. Ya ɗauki jakar abincinsa ya tafi gida a ƙafa.

Bai koma rufi ba har yau. Wani mutumin Hawston ke zama a can da madubin hangen nesa, mai kirki ne, yana nuni da hannu yana ihu kowa a teku ya gani. Wikus bai gaya wa mai kamfani dalili ba, ya ce ido ne, ya kuma sa aka ba Boeta aikin tudu, yi wa tarakta jagora da wanke gangaren da ake tura jirage. Don haka duk Gansbaai sun yarda Oom Attie ya makance. Mata a coci suna kama masa hannu a matakala, shi kuma yana bari. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, mutumin da ya fi kowa ido a gaɓar nan ana nuna masa inda zai taka. Wikus yana gaishe shi kullum, Oom kaza Oom kaza, amma bai sake shan kofi a kicin ɗin Dollie ba. Ni ma ya sauke ni wata uku, ya ce in je rumfa in wanke riguna in yi tunani.

A cikin wata ukun nan ne, wata safiya a Disamba, ina shanya rigunan ruwa a igiya kusa da katangar tasha. Katryn ta fita ba da daɗewa ba. Boeta yana zaune a kan katanga da burodinsa da gasasshen snuk, ƙafafu a kan siminti, hannu ɗaya a cinya. Sai na ji takalmin roba ya bugi ƙasa, ɗaya, biyu, uku. Na juya. Hular tana kansa.

"Boeta?"

"Daura da Franskraal, bayan ciyawa. Su ne, jaririn ya yi girma. Shi kuwa wancan mai madubi ya sa Wikus ya nufi wani wuri."

"In gaya masa?"

"Ke kika sani. Ni dai na buga."

Na shiga rumfa da hannuna jiƙe, na ɗauki rediyo. Na ce, "Katryn, Mieta ce. Boeta ya buga uku. Daura da Franskraal, bayan ciyawa." Na saki maɓalli na jira. Ba abin da ya dawo sai shuu. Na sake faɗa, na sake jira, Wikus bai amsa ba. Na ajiye na fito.

Boeta bai motsa ba, burodin yana hannunsa bai ƙara gatsa ba. Na tsaya kusa da shi na kare ido da tafin hannu.

"Ya juya?"

Ya ƙura wa teku ido. Sannan ya ce, "Ya juya."

Ni ɗigo fari kawai nake gani can a ruwa, ban san gabansa daga bayansa ba. Maganar Boeta na ɗauka, na koma na ci gaba da shanya.